Takardar Sikilar Da Kowa Ke Ambato

Shafi na 19

Kai jama'a, kun kusa fasa min waya! Wata har kira na ta yi ina tsaka da wanki, hannuna duk kumfa, wai in raɗa mata ko Dakta za ta samu tallafin nan ko kuwa za a ƙwace mata ɗakin bincike. To ban faɗa mata ba, ita ma ta zo ta karanta kamar kowa. Ku da kuka shigo yau, ga inda muka kwana: Dakta mai binciken sikila ce, ita ta ƙirƙiro ɗan tsinken gwajin da ke gano ciwon daga ɗigon jinin jariri. Jami'a ta ce in ba ta samo tallafi daga waje ba a bana, wani sashe za a ba ɗakin. Yau ɗin nan da yamma za ta zauna gaban kwamitin masu ba da tallafin.

"Ɗari biyar! Wallahi ɗari biyar!"

Dakta ce ke wannan ihun a tsakiyar ɗakin bincike. Farar rigar aiki a jikinta, safar hannu ɗaya a hannu ɗaya a ƙasa, ta ɗaga waya sama kamar wadda ta ci kofi. Ɗalibanta suka watsar da kwalaben gwaji suka yo kanta, ana ta tsalle ana tafi.

Umma, mahaifiyarta, da ta zo tun da hantsi da katon kek da lemo don ta sa mata albarka, ta dafe ƙirji.

"Ke 'yar nan, za ki tsinka min zuciya. Ɗari biyar ɗin me?"

Dakta ta rungume ta har tana neman kayar da ita.

"Umma, kin ga in na yi bincike na rubuta, mujallar masana ta buga ko? To duk wani mai bincike a duniya da ya kafa hujja da aikina a cikin nasa rubutun, sai a ce ya ambace ni. Akwai shafin da ke ƙirgawa a intanet. Shi ne abin da 'yan kwamitin nan suke fara dubawa kafin su kalli fuskar mutum. Yau na cika ɗari biyar!"

"Su ɗari biyar ɗin duk sun san ki?"

"Ko a hanya ba mu taɓa haɗuwa ba."

"Ikon Allah! Ni da na haife ki ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba, ashe can ana ta wawaso." Umma ta goge ido da gefen mayafi. "Da a lokacin marigayi ƙaninki akwai tsinken nan, da mun san abin da ke damunsa da wuri."

Sai kuma ta ɗauki kek ta nufi babban firijin da ke kusurwa.

"Umma! Kar ki buɗe! Jinin yara ne a ciki!"

"A'uzubillahi! Firiji har firiji, a rasa abin sawa sai jini?"

Aka kwashe da dariya. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe da ƙarfi, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Aminiyar Dakta ce tun ajin farko a jami'a, likitar haƙori, mace mai baki kamar rediyo. Takanas ta yi doguwar tafiya don ta raka ta.

"Ina mai ɗari biyar? Na gani a hanya, na kusa sa direba ya faɗa kwata! Ƙawata, ki durƙusa ki gode min, uku daga ciki nawa ne."

"Naki? Ke da haƙori?"

"Ƙwarai kuwa. Takardata ta bara, wadda na yi a kan haƙoran roba na tsofaffi."

Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Don Allah me ya haɗa haƙoran roba da jinin jarirai?"

"Ni ma abin da na tambaya ke nan!" Likitar haƙori ta yanki kek ta cika baki. "Umma, kin san kafin mujalla ta buga rubutun mutum sai ta tura wa wani masani ya tantance, kuma ba a faɗa maka ko waye. To nawa ya ce aiki ya yi kyau, lissafi ya fita, amma ba zai wuce ba sai na ambaci wasu takardu uku. Ina dubawa na ga duk na 'yarki ne. Na rubuta na ce ba su da alaƙa da haƙori. Ya dawo min da ita. Na saka su, ko mako ba a yi ba ta wuce."

Ta kashe wa Dakta ido.

"Ai na san ke ce. Na ce oh, ƙawata ta waye!"

Dariyar Dakta ta ɗauke ɗif.

"Ni ce me?"

"Mai tantancewar mana."

"Ni ban taɓa tantance takardar haƙori ba a rayuwata."

"Ke dalla, mu nan duk na gida ne."

"Na rantse da Allah ba ni ba ce."

Masu karatu, kun san yadda kek ke tsaya wa mutum a maƙogwaro? To haka ya yi wa likitar haƙori. Dakta ta ja kujera ta zauna, ta ɗauko waya. Gaskiyar magana, rabonta da ta duba su waye ke ambaton ta tun adadin bai kai ɗari ba. Lambar kawai take leƙawa kullum da safe, ta ji daɗi, ta shiga aiki. Yau ta buɗe.

Na farko a kan sikila ne, ta sauke ajiyar zuciya. Na biyu ma haka. Na uku a kan ciwon baya na direbobin manyan motoci. Na gaba a kan ƙaiƙayin fata. Akwai wani ma a kan minshari!

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya?" in ji Umma. "Sun rage ne?"

"Ƙawata," muryar Dakta ta yi ƙasa, "me kika ce ya yaba a takardarki?"

"Lissafi. Shi ne mai duba alƙaluma. Kuma wallahi gwani ne, ya kamo min wani kuskuren da ni kaina ban gani ba."

Dakta ta miƙe. Mutum ɗaya ta sani a duniya wanda mujallar haƙori da ta fata da ta ciwon baya duk suke tura wa takardu don ya duba musu alƙaluma, kuma yake ƙaunarta har haka. Ko safar hannun ba ta cire ba ta fice.

Ofishin Farfesa na ƙarshen baranda. Shi ya koyar da ita, shi ya duba mata digirin ƙarshe, shi ya tsaya aka ba ta ɗakin nan lokacin da kowa ke cewa yarinya ce. Tun rasuwar mahaifinta Baba take ce masa. Ta same shi gaban gilashin kabad ɗin littattafai yana gyara wuyan sabon kwat, shayi na tururi a kan tulin takardu.

"A'a, 'yata! Na gani, na gani! Tun da safe nake ta murmushi ni kaɗai kamar sabon ango. Ya kika ga kwat ɗin? Saboda yau na ɗinka shi."

Ta mayar da ƙofa ta rufe.

"Baba, tambaya zan yi maka. Don girman Allah ka faɗa min gaskiya."

"Bismillah."

"Ka taɓa tantance wata takarda a kan haƙoran roba?"

Ya tsaya da hannu a wuyan kwat. Ta ɗauka zai musa. Ina! Sai ya fashe da dariya har yana buga tebur.

"Kai! Ashe ta ƙawarki ce? Mai taurin kan nan! Sai da na mayar mata kafin ta ji magana."

"Baba, kai ne?"

"Ni ne mana. Da waye zai yi miki?"

Wallahi masu karatu ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na sha ruwa. Ko a jikinsa! Kai ka ce kyautar mota ya yi mata.

"Tun yaushe?"

"Tun da na ga takardarki ta farko ta shekara biyu a kwance ba wanda ya waiwaye ta. Zauna mana, kin tsaya min a ka."

"Ba zan zauna ba. Baba, mai minshari fa! Mai ciwon baya!"

"To sai me? Layi ɗaya ne a ƙarshen takarda, ya rage su da wani abu? Ni nake kwana a kan alƙalumansu kyauta, ina gyara musu shirme. Ban taɓa wuce da takardar banza ba, ban taɓa kayar da mai kyau ba. Abu ɗaya na roƙa."

"Ba roƙo ba ne, tilas ce."

Ya cire tabarau, fara'ar ta ragu.

"Tsinkenki yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki."

"Akwai ƙarya ko ta alƙalami ɗaya a cikin bincikenki?"

"Babu."

"To me na yi? Ke kin san yadda ake yi a manyan wuraren can? Wannan ya ambaci wancan, wancan ya ambaci wannan, su sha shayi tare a taro, kuɗin bincike ya yi ta zagayawa a tsakaninsu. Ke kina nan a ɗaki mai taga ɗaya, wa zai gan ki? Ni na yi aikin da ya fi na da yawansu, na tsufa ba wanda ya san da ni. Na rantse ba za a yi miki haka ina raye ba."

Idonta ya kawo ruwa. Haushi take ji kamar ta fasa ihu, kuma tausayinsa ya hana ta.

"Nawa ne nawa na gaskiya a ciki?"

"Ban ƙirga ba."

"Rabi?"

Ya ɗauki cokali yana juya shayin da babu abin juyawa a cikinsa.

"Ni turawa na yi da farko. Daga baya mutane suka ga ana ambaton ki, suka karanta, suka ga aiki ne na gaske, suka ci gaba da kansu. Yanzu ko ni ba zan iya raba miki su ba."

"Ka ga abin da ka yi min ke nan! Ɗazu ina tsalle gaban ɗalibaina. Yanzu ko wanda ya ambace ni tsakani da Allah ban san shi ba."

"Za ki huce."

"Zan faɗa wa kwamiti."

Ya ajiye cokalin a hankali.

"Ki faɗa. Su ce mun gode da gaskiyarki, su ba wani. Wata mai zuwa a zo a kwashe firijinki a kai sito, jinin yaran da iyayensu suka yarda da ke ya lalace. Ɗalibanki su watse. Ni kuma mujallu su aika wa juna sunana, in yi ritaya da abin kunya. Ni ban damu da kaina ba, na ci zamanina. Amma jariran fa?"

"Kar ka sa min jarirai a gaba, Baba."

"Ai su ne a gaban. Saurara, 'yata. Mai tantancewa ba shi da suna, haka tsarin yake. Ba wanda ya sani daga ni sai ke. Ba ki roƙe ni ba, ba ki sani ba, hannunki tas yake. Ki shiga ki nuna musu tsinkenki ki fito. Ba wanda ya ce ki yi ƙarya, shiru kawai za ki yi."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin a amsa Umma ta turo kai, faranti a hannu.

"Farfesa, ga naka kason, kar yaran nan su cinye. Kai, Allah ya saka maka da alheri! Duk wannan ɗari biyar ɗin ai aikinka ne."

Dakta ta runtse ido. Farfesa ya yi tari.

"Aikinta ne, Hajiya."

"A'a, ni dai na san wanda ya riƙe min ita. Ubanta ma da yana nan iyakar abin da zai yi ke nan. Ke kuma me ya sami idonki? Kukan daɗin ya isa haka, je ki wanke fuska, kar ki je wa mutane kamar wadda aka daka."

Haka Dakta ta fito. Ta wanke fuska, ta canza mayafi, ta tsaya gaban firijin nan tana jin ƙugin injinsa. Likitar haƙori ta matso ta raɗa mata, "Ni dai ban ji komai ba, ban ga komai ba, bakina ƙanin ƙafata." Nan Dakta ta yanke wa ranta: za ta yi shiru. Ku zage ta in kun ga dama, ni dai ban san me zan yi ba in ni ce.

Da yamma suka hau bene zuwa ɗakin taro. Dogon tebur, robobin ruwa a jere, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Ƙa'idar kwamitin ce mai neman tallafi ya zo da babban malamin da ya tsaya masa, don haka Farfesa ya zauna a kujerar da ke bayanta, sabon kwat na ta ƙyalli. A tsakiyar 'yan kwamitin akwai shugabarsu, wata dattijuwa 'yar firit mai furfura, ƙwararriya a binciken dafin maciji.

Jama'a, Dakta ta yi bajinta! Da ta fara magana sai tsoron ya gudu. Ta ba su labarin uwar da ta zo da jariri daga nesa, aka gano ciwon tun kafin ya fara kumburin hannu, yau yaron yana makaranta. Ta fito da tsinken daga aljihu. Wani mai ƙiba a cikinsu ya miƙo yatsa ya ce a gwada shi a gani. Ta soka masa 'yar allura, ya yi ƙara kamar ƙaramin yaro, ɗakin ya ɗauki dariya. Kafin ya gama tsotsar yatsan layi ya fito ɓaro-ɓaro.

"Kana ɗauke da rabin ƙwayar, ranka ya daɗe. Ba ciwo ba ne, amma 'ya'yanka su yi gwaji kafin aure."

"Tabɗi! Na yi shekara hamsin ban sani ba!"

Tafi ya ɓarke. Wata ta ce wannan abu ya kamata a ce yana kowane ɗakin haihuwa. Mai ƙiba ya ce shi dai ya gama yanke hukunci. Dakta ta saci kallon baya, Farfesa ya ɗaga mata babban yatsa, baki har kunne. Zuciyarta ta ce shi ke nan, ɗaki ya tsira!

Shugabar ce kaɗai ba ta yi tafi ba, murmushi kawai take yi. Ta ɗauki biro, ta cire murfinsa, ta riƙe.

"Dakta, na daɗe ina son in gan ki ido da ido. Aikinki ya burge ni, kuma ba yau na fara karanta shi ba. Kin san yadda aka yi na san ki?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Na taɓa rubuta takarda a kan dafin kububuwa. Wanda aka ba ya duba min alƙaluma ya ce ba za ta wuce ba sai na ambaci takardunki uku. Na ƙi, ya dawo min da ita. Ɗalibina na jiran ta fito ya samu aiki, dole na saka. Ban taɓa mantawa ba."

Mai ƙiba ya cire yatsa daga baki.

"Da na ga sunanki a cikin masu nema, na tambayi abokan aiki. Ashe ba ni kaɗai ba ce, muna da yawa." Ta jingina da kujera. "Tsinkenki gaskiya ne, na gani da idona, kuma ina so in sa hannu. Amma ba zan ba da tallafi a kan adadin da aka tara da tilas ba sai na san hannun waye. In ke kika sa shi, ga ƙofa nan. In ba ke ba ce, to kin san shi, don ba wanda zai yi wa baƙuwa wannan wahalar shekara da shekaru. Ki faɗi sunansa mu kai wa mujallu, ni kuma in sa miki hannu kafin ki tashi daga kujerar nan."

Gumi ya keto wa Dakta duk da sanyin ɗakin. Ba ta yarda ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ta faɗa.

"Muna sauraron ki, Dakta. Waye?"

Ta buɗe baki.

Sai ta ji ƙarar jan kujera a bayanta. Farfesa ya miƙe tsaye, yana ɓalle maɓallin sabon kwat ɗinsa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "kafin 'yata ta yi magana..."